Kifin Japan, Daddawar Hindawiyya

Ba zan taɓa mantawa da Jumma'ar da na tara dangin mijina a gidana da sunan zan ciyar da su abincin Japan ba. Har yau idan muka haɗu da mai gadin benenmu a bakin ƙofa sai ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ni kuwa in ɗaga nawa sama in wuce abina, don wallahi ban ga abin kunyar da na yi ba. To, na gani. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, sai ku yi mana alƙalanci.

Ni 'yar Hindawiyya ce, wata unguwa a Makka, a can aka haife ni, iyayena Kanawa ne da suka biyo ta Sudan. Aure ne ya kawo ni unguwar Shisha. Dangin maigidana, Abu Faisal, tsofaffin 'yan Makka ne, kakanninsu Sakkwatawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Yaran gidan duk Larabci ya cinye musu baki, Hausarsu sai a hankali. Amma mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna (a garin da kowace mace Hajiya ce, ai dole a nemo wa tsohuwa wani sunan), har gobe Sakkwatancin iyayenta ne a bakinta, garau, kamar jiya ta sauko daga mota.

Al'adar gidan ita ce kowace Jumma'a, bayan an sauko daga masallaci, a haɗu wajen Inna, a shimfiɗa sufra, wato ledar cin abinci, a ƙasa, kowace mace ta zo da abin da ta girka. Ni kuwa rabona salata. Yadda aka yi kuwa shi ne, Jumma'ata ta farko ina amarya na je da tuwo da miyar kuka, ina taƙama. Tuwon nan ya yi gudaji, ba zan ɓoye muku ba. Inna ta kai loma ɗaya, ta ajiye, ta ce Allah shi yi albarka. Mako na zagayowa aka aiko min cewa kada amarya ta wahalar da kanta, ta riƙa zuwa da salata kawai. Tun daga ranar nake yanka kokwamba da tumatir. Na yi ciki ina yankawa, na haifi Faisal, na yaye shi, ya fara gudu, ina nan dai a kan kokwamba. Abin yana ci min rai ƙwarai, don ni na san na iya girki, kuskure ɗaya ne aka ɗaura min a wuya.

Ana nan sai Inna ta kwanta ciwon zuciya. Da aka sallamo ta likita ya hana ta jan nama da maiƙo, ya ce ta dage da kifi, gasasshe ko dafaffe. Samira, ƙanwar Abu Faisal da ke zaune tare da ita, ta ɗauki maganar nan ta ƙara mata gishiri. Ta shiga kicin ta yi shara: man shanu, kilishi, yaji, duk ta kwashe. Har da daddawa, wadda likita ko ambatonta bai yi ba, amma dama Samira ta daɗe tana neman hanyar rabuwa da warinta. Daga nan kullum sai a kawo wa tsohuwa farin kifi dafaffe, an matsa masa lemon tsami. Ta ɗan taɓa, ta kau da kai. Matan gidan kowacce ta gwada nata, babu wanda ya shiga. Inna ta rame har awarwaron hannunta yana zamewa ya faɗi idan ta miƙa hannu, Abu Faisal kuma ya dawo daga wajenta ya zauna ko shayi ba ya iya sha. Tsoro ya kama mu duka, ni ma har da ni, don duk da maganar salata ina son tsohuwar nan.

Ina cikin latsa waya wata rana sai na ci karo da bidiyon wata mata tana gasa kifin salmon irin na mutanen Japan. Kifi ne mai jan tsoka, ta shafe shi da wani abu mai kauri da ake kira miso, ta haɗa da ɗan zaƙi, ta bar shi ya jiƙu, sannan ta sa a furun, wato tandar gas ɗinmu, ƙarƙashin wutar sama. Ya fito yana sheƙi, bayansa ya yi ja-ja-baƙi, ko ɗigon mai ba ta sa ba. Na ce alhamdu lillahi, ga maganin Inna, ga kuma maganin kokwamba. Ban yi shawara da kowa ba, na shiga zauren hirar dangi na waya na rubuta cewa Jumma'ar nan a gidana za a ci, abincin Japan zan yi wa Inna, kada kowa ya zo da komai. Na tsaya na ɗan yi tunani, sai na ƙara da cewa wadda take son ta taimaka tana iya zuwa da salata. (Wannan layin, ko yau aka ce in goge shi ba zan goge ba.)

Sai da na aika na koma duba kayan haɗin. Kifi an samu, tsadarsa dai ba a magana. Akwai wata giyar shinkafa da matar ta zuba, na ce a'uzu billahi, a Makka? Na maye gurbinta da ruwan khal da zuma. Ruwan soya kuwa ko'ina akwai shi a nan, albarkacin maƙwabtanmu 'yan Jawa, wato mutanen Indunusiya. Saura miso. Na tura Abu Faisal nema, bawan Allah ya zaga har ya gaji. Mai ɗan kantin layinmu da ya ji sunan sai ya nuna masa ƙofar masallaci, wai can ake sayar da miswak, shi a zatonsa asuwaki ake nema. A babban kanti suka ce sai dai ko Jidda. Na duba saye ta waya, aka ce ba zai iso ba sai bayan Jumma'a. Abu Faisal ya lallaɓa ya ce ko in haƙura in yi sayadiyya, shinkafa da kifi irin ta mutanen nan, ai kowa yana so. Na ce masa in na yi sayadiyya bayan abin da na rubuta, gara in koma gidanmu.

Na zauna na bincika wai shin mene ne ma miso ɗin nan. Sai na ga an ce waken suya ne, a dafa shi, a rufe shi, a bar shi ya kwana ya tashi har ya ruɓe ya nuna, ya yi ƙarfi, sannan a riƙa ɗiba ana sawa a miya. Na sake karantawa. Na ajiye wayar na fashe da dariya ni kaɗai. Ashe daddawa ce! Duk wannan wahalar da aka ba mijina, ashe abin da kakata take shanyawa a saman rufin gidanmu ne Japanawa suka canza wa suna. A ranar ji na yi kamar ni na gano wata babbar gaskiya da ta ɓuya wa malaman duniya.

Na tari tasi sai Hindawiyya, gidan Gwaggo Asabe mai daddawa, tsohuwar da duk wata Bahaushiyar Makka da ta san miya ta san ƙofarta. Na ce ta ba ni ta waken suya, wadda ta fi kowacce nuna. Ta ce miyar kuka za a yi ne? Na ce a'a, wani girki ne na ƙasar waje. Ta dube ni ta ƙasan ido, ta ƙulle min a leda biyu.

Da na dawo na daka ta a turmi ta yi laushi, na zuba zuma, ruwan khal, ruwan soya, ɗanyar citta, na ƙara da tafarnuwa don ban yarda da girkin da babu ita ba. Matar bidiyo cokali uku ta ce. Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa auna daddawa da cokali ba, hannu ne yake sanin daidai, kuma a ranar hannun nawa ya yi kyauta. Na lafta wa kifin nan ciki da baya, na rufe, na sa a firiji ya kwana. Da safe Abu Faisal ya buɗe firijin zai ɗauki madarar yaro, ya mayar ya rufe da sauri. Ya tambaye ni a hankali ko na tabbata haka mutanen Japan suke ci. Na ce mutumin da bai taɓa wuce Ɗa'ifa ba kada ya yi min maganar Japan. Ya ja bakinsa ya tafi masallaci.

Ban gaya wa kowa abin da ke cikin haɗin ba. A raina ba ƙarya nake yi ba, tunda na riga na tabbatar wa kaina miso da daddawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma gaskiyar magana ita ce sunan Japan nake so. Idan na ce kifi da daddawa, wa zai ɗaga kai ya dube ni?

Suka iso bayan salla. Na sha sabuwar jallabiya, na jera farantai, kowanne na ajiye masa 'yan tsinkayen nan biyu da Japanawa ke cin abinci da su (ni kaina ban iya riƙe su ba, amma wa zai sani). Samira ta shigo da kwanon salata, ta miƙa min tana wani murmushi. Aka zaunar da Inna aka jingina ta da matashi, duk ta zama 'yar ƙarama a cikin mayafinta. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar falo na buɗe musu karatu: yadda mutanen Japan suke daɗewa a duniya, yadda ba sa wasa da kifi, yadda miso wani sinadari ne da ba kowa ya san shi ba. Har da cewa irin wannan kifin ba a gasa shi sai masu ci sun zauna, don haka su ba ni 'yan mintoci.

Akwai abu ɗaya da matar bidiyo ta nanata: kafin a sa a wuta, a share haɗin daga jikin kifin, a bar kaɗan, don yana saurin ƙonewa. Na dubi zumar da na zuba, na dubi daddawar Gwaggo Asabe, na ce wannan almubazzaranci ne. Na tura shi furun yadda yake, na kunna wutar sama har ƙarshe.

Jama'a, kun san ƙamshin daddawa a tukunyar miya, ruwa ya lulluɓe ta, kuka ta rufe ta. Ban taɓa sanin abin da take iya yi ba idan aka sa ta tsirara a gaban wuta. Tagogi duk a rufe saboda zafin Makka, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta aiki, shi ya kwashi warin nan ya raba wa kowane ɗaki. Zuma ta fara ƙonewa, hayaƙi ya biyo baya. Na ji hirar falo ta tsaya cak. Na yi maza na kunna turaren wuta na zaga da shi, ashe ƙara dagula lamarin na yi, don turaren da daddawar haɗa kai suka yi. Faisal ya shigo kicin yana toshe hanci yana tambayata wa ya yi kashi.

Ana cikin haka aka buga ƙofa. Mai gadin bene ne, wani dattijo ɗan Yaman, ya naɗe hancinsa da rawani, ga ƙaton ƙarfen kwance famfo a hannunsa. Da ƙarfi yake magana, da Larabci, yadda ko waɗanda ba sa jin Hausa sai da suka ji komai. Wai mutanen hawa na sama sun kira shi, bututun masai ya fashe, ya bi warin tun daga ƙasa har ya kawo shi ƙofarmu, a ba shi hanya ya duba banɗaki. Abu Faisal ya tsaya a bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce masa babu abin da ya fashe, abincin rana ne. Dattijon ya leƙa ya ga mutane zaune a gaban sufra, ya ce Allah ya taimake ku, ya juya.

Da wata ce da ta sulale ta ƙofar baya. Ni gidan bene nake, ba ni da ƙofar baya, kuma ba a haife ni da ja da baya ba. Na fito da kifin, na kankare inda ya ƙone, na barbaɗa riɗi da ganyen albasa, na ɗauko tire na shigo falo kaina a sama. Kuma ku ji tsoron Allah ku yarda da ni, a ido kifin nan ya yi kyau, yana sheƙi kamar na bidiyo.

Samira ce ta fara. Ta taɓa cin irinsa a wani gidan abinci a Jidda, ta ce da Larabci wannan mene ne, ai miso ba ya wari haka. Na ce mata miso iri-iri ne, akwai fari, akwai ja, wanda ta ci na 'yan yawon buɗe ido ne, wannan kuwa baƙin ne, na tsofaffin can ƙauye. Ban san daga inda maganar ta fito min ba.

Inna dai tun da aka ajiye tiren hancinta yake motsi. Ta nuna da yatsa ta ce, “Mi ne ne wanga?”

Na durƙusa na ce, “Miso ne, Inna.”

To, a bakin Sakkwatawa “mi” shi ne “me” namu, ga kunnen tsohuwa ya yi nauyi. Sai ta ɗago ta dube ni da kyau.

“Mi nika so? Yau ni aka tambaya mi nika so?” Ta juya ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. “Wata da watanni ana ba ni kifi kamar jiƙaƙƙen tsumma, babu wanda yac ce Inna mi kika so. Sai ɗiyar mutane.”

Babu wanda ya gyara mata. Samira ta sunkuyar da kai, ni kuwa na karɓi yabon da ban yi aikinsa ba. Inna ta ture 'yan tsinkayen gefe, ta yi bisimilla, ta sa hannu ta gutsuro kifin ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa, idonta a rufe. Ni kuwa na zuba mata ido. Can ta buɗe ido ta ce:

“Ɗiyata, Japan ɗin nan taku, kusa da gidan Asabe take?”

Na ce, “Na'am, Inna?”

“Wagga daddawar Asabe ta, ta Hindawiyya. Tun kan a haifi mijinki nika sayenta.”

Wayyo Allah. Falon nan ya kece da dariya. Matan yayyen mijina har da kwanciya a kan sufra, waɗanda ba su gane ba ana fassara musu da Larabci, su ma su fashe, wato sau biyu aka yi min dariyar. Samira tana share hawaye tana maimaita “na tsofaffin can ƙauye”. Abu Faisal, wanda na ce bai wuce Ɗa'ifa ba, ya juya wa mutane baya kafaɗunsa suna rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi na shige kicin na rufe ƙofa, na tsaya a cikin hayaƙina ina kukan haushi. Na riga na gama lissafi: daga yau ko salatar ma ba za a ƙara ba ni ba, sai dai in riƙa zuwa da ruwan sha.

Ban san daɗewar da na yi ba, sai Abu Faisal ya turo ƙofa. Dariyar ta bar fuskarsa, idonsa ya yi ja. Ya ce in zo in gani. Na ce ba inda za ni. Ya kama hannuna ya ja ni bakin falo.

Inna ta cinye nata tas, har fatar. Ta jawo farantin Samira gabanta, tana cuɗa farar shinkafa da baƙin romon da ya taru a gindin tire, tana kai loma, tana siɗe yatsu. Falon ya yi tsit, kowa ita yake kallo, babu mai son ya yi motsin da zai sa ta tsaya. Da ta ƙoshi ta sha ruwa, ta yi hamdala, ta ce Jumma'a mai zuwa in sake yi, amma in rage zuma, kuma a gidanta za a gasa don ita maƙwabtanta sun saba. Aka tambaye ta wa zai kawo salata. Ta ce ai ga Samira nan, ta ga hannunta ya faɗa da ita.

Ban sake yanka kokwamba don Jumma'a ba. Na koyi share haɗin kafin in sa a wuta, na koyi buɗe taga, na koma cokali uku kamar yadda baiwar Allah ta faɗa tun farko. Da aka koma asibiti aka tambayi likita maganar daddawa, ya ce shi bai san ta ba balle ya hana, a dai kula da gishiri. Kafin azumi ya zo awarwaron Inna ya daina zamewa.

Daga baya Samira ta je Jidda ta sayo min miso na gaske, a 'yar roba mai rubutun Japan, wai don in ga bambanci. Na gani kuwa. Ba daddawa ba ce, 'yan uwa ne dai na nesa. Na bi bidiyon nan tiryan-tiryan, kifin ya fito da daɗi, ga laushi, babu wari ko kaɗan, ni kaina na yaba. Na kai wa Inna ina jiran a ce madalla. Ta kai loma ɗaya, ta ajiye, irin ajiyewar da ta yi wa tuwona ina amarya.

Ta ce, “Wanga jabu na. Ina na Japan na gaske?”

Abin da na koya shi ne, idan za ki yi wa girki ƙaryar asali, kada ki yi a gaban tsohuwar da hancinta ya girme ki. Robar mison tana nan a firijina ba a ko ci rabinta ba. Ni kuwa duk ranar Alhamis ina cikin tasi, na nufi Japan, layi na biyu bayan masu gyaran taya a Hindawiyya.